Zauren Gwaggo: Jarka a Saman Mota

Wasiƙun wannan makon daga Arlit da Akokan suka fito, kuma duk warin mai suke yi. Masu tambayar me ya haɗa tsohuwa da tanki da tiyo, gidan gareji na yi aure, ni ke riƙe da littafin bashi da makullin kantin kayan gyara. Bismillah.

*Gwaggo, barka da aiki. Ni tsohon ma'aikacin Cominak ne. Bayan an rufe mahaƙar a ƙarshen Maris 2021, ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar Hilux mai fetur, mai karburatar, ina jigilar kaya da fasinja tsakanin Arlit da Agadas. Da sanyin safiya lafiyarta lau. Da rana ta take sai ta fara shaƙewa, ta yi ta fizga, ta mutu. In na bar ta ta huce sai ta tashi garau. Bakanike ya ce famfon mai ne ya gaji, ya ɗaure mini jarka a saman rufi, ya sauko da tiyo kai tsaye zuwa karburatar. Tun daga nan ba ta sake mutuwa ba. Na ce wa Yaya mu sayi famfo, ya ce tunda tana tafiya me kuma ake nema, kuɗin makarantar yara ya fi. Ni ke cikin motar, shi yana gida. In na matsa sai ya ce na fara raina shi. Ina mafita?*

*Ɗanki a unguwar Cominak, Akokan*

Ɗana, sauke jarkar nan tukuna, sannan ka dawo ka ƙarasa karatu.

Bakanikenka bai zo da sabon abu ba. Duk direban da ya sha sahara ya san wannan dabarar: famfo ya mutu maka a inda babu kowa, ka ɗaga jarka sama, mai ya gangaro da nauyinsa, ka lallaɓa ka kai gari. Iyakarta ke nan, ta kai ka gari. Kai kuwa ka mai da ita sana'a. Lita 20 na fetur a saman kanka cikin ranar watan Mayu, a hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa, tiyo yana lilo cikin bonet tsakanin zafin injin da wayoyin wuta. Babban abin tsoron ma shi ne makulli ba shi da iko da wannan man. Ko ka kashe motar yana nan yana danna karburatar. Ranar da ƙwayar yashi ɗaya ta tokare allurar fulota, jarkar nan kaf za ta juye a kan injin mai zafi, kai kana can kana sallah ko kana shan shayi.

Tunda jarka ta warkar da ita, ciwon a hanyar mai yake, tsakanin tanki da karburatar. Ka bar zargin buji da kwayil. Fetur yana da gaggawa, wani sashensa yana fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. Tsohon famfon a jikin injin yake, yana tsotso mai daga can baya. Ga zafin injin, ga wanda ƙasa ke hurowa, ga tsotson kansa, sai man ya koma tururi a cikin bututu. Famfon da ya tsufa ba ya iya tura tururi. Ka jira, ƙarfe ya huce, tururi ya koma ruwa, mota ta tashi. Abin da ke faruwa da kai ke nan kowace azahar.

Ka mai da ita kan tankinta ka zagaya kusa da gari da tsakar rana, kada ka yi nisa. Da ta mutu, buɗe murfin tanki ka kasa kunne. In ka ji ya zuƙi iska ciki, kuma nan take motar ta tashi, hancin tankin ne ƙura ta toshe, gyaransa bai kai kuɗin koko da ƙosai ba. In ba haka ba, zaro sandar awon baƙin mai ka sansana. Warin fetur a jikinta, ko ka ga baƙin man ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, alama ce robar cikin famfo ta yage, fetur yana tsiyaya cikin injin yana tsinka baƙin man. Wannan ya fi mutuwar da take yi maka muni, domin a ɓoye ƙarfe ke cin ƙarfe. In haka ne, duk gyaran da za a yi sai an haɗa da juye. Daga nan kwanta ƙarƙashinta ka bi bututun da hannu tun daga tanki. Za ka iya tarar da inda dutse ya lotsa shi, ko inda wani gyaran baya ya kwantar da shi jikin salansa, ko tiyon roba da ya tsattsage yana shan iska. Filta kuwa canza ta kawai, kada ka tsaya busa ta da baki.

In famfon asali bai samu ba, ko wanda ke kasuwa jabu ne, famfon lantarki gyara ne mai kyau muddin an bi ƙa'idarsa. Karburatar ba ta son matsi, abin da bai wuce bar 0.3 ba ya ishe ta. Famfon da ake cirowa daga motoci masu injekta yana tura kusan bar 3, ninki goma. Wanda ya ɗaura mata shi ya sayi ambaliya. Ka ce wa mai kanti ƙaramin famfo na karburatar kake so, ka karanta rubutun jikinsa da idonka. A ɗaure shi can baya kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, nesa da salansa, domin turawa ya iya, kuma man da ake turowa daga baya bai cika zama tururi ba. Filta ta zo kafinsa. Wayarsa ta bi ta fis da rile a kan makulli, ban da jan ta kai tsaye daga batir. Ƙwararren mai wayarin yana haɗa shi da na'urar matsin baƙin mai, ta yadda da injin ya tsaya famfon zai tsaya, ko da hatsari ne aka yi makulli na buɗe. Tsohon famfon a cire shi a toshe gurbinsa da farantin ƙarfe.

Sai Yaya. Ni ban ji rowa a maganarsa ba, tsoro na ji. Mahaƙar da ke fitar da yuraniyom tun 1978 ta rufe a gaban idonsa, ma'aikata kusan 600 suka watse ban da na 'yan kwangila, ƙarshen wata ya daina zuwa da albashi. Mai irin wannan tabon, duk dalar da za ta fita sai ya juya ta ya sake juyawa. Da gaskiyarsa kuma a kan kuɗin makaranta. Inda kuka yi sake shi ne ranar sayen motar: kun raba riba biyu, ba ku ware wa ita motar nata kason ba.

Kada ka tayar da zancen a gaban matanku. Ka same shi bayan isha, ka roƙe shi alfarma ɗaya, ya raka ka Agadas. Ya zauna gaba, ya yi kilomita 240 warin fetur yana sauko masa ta taga. Da wuya ku wuce rabin hanya bai kawo zancen famfo da kansa ba. In ya kawo, kada ka ce "ai na faɗa maka". Ku tsayar da abin da za a riƙa cirewa kowace tafiya don gyara, a rubuta, a ajiye wurin wani babba da kuka amince da shi. In kuwa ya tsaya a kan bakansa, ka kai masa makulli da hannu biyu ka ce ba za ka iya ɗaukar 'ya'yan mutane a ƙarƙashin jarka ba. Ba raini a ciki.

*Gwaggo, ina gaisuwa. Maigidana yana kai ruwa da abinci wurin masu haƙar zinariya a Tchibarakaten da tsohuwar Land Cruiser ta kaya, mai fetur. Yana so ya ƙara mata tanki na biyu. Ya sayo wani tsohon tanki da faranten ƙarfe wurin 'yan gwangwan, ya ce mai walda zai zo ya yi aikin a tsakar gida don kada a ɗauke masa kaya a gareji. A gidan akwai duro biyu na man Aljeriya, ɗaya ma jikin bangon madafa yake. Yarana huɗu. Da na yi magana sai ya ce mace ba ta san mota ba, kuma tankin ko ɗigo babu a ciki. Gwaggo, barci ya ƙaurace mini.*

*'Yarki a Arlit*

'Yata, ki bar masa zancen mace ba ta san mota ba, yau ba ranar wannan gardamar ba ce. Mace ta san wuta, da ita take tashi da ita take kwana, kuma zancen wuta ne a gabanmu.

Tankin da babu ɗigo a cikinsa shi ne abin gudu. Tururin fetur ne ke fashewa in ya gauraya da iska, tankin da aka juye kuwa cike yake da wannan haɗin. Tsatsa da lungunan ɗinki suna riƙe mai shekara da shekaru, da wutar walda ta gasa ƙarfen sai su sake shi. Ɗauraya ɗaya da omo ba ta fid da shi. Masu waldar da suka tsufa da yatsunsu goma sukan wanke tanki da ruwan zafi da sabulu su maimaita, su cika shi da ruwa har dab da inda za a ɗinke, su bar bakinsa a buɗe, a fili, nesa da jama'a. Akwai waɗanda ko nawa za ka ba su ba sa kai wuta jikin tankin fetur, kuma ni ina bayansu.

Duron da ke jikin madafa ya fita yau. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, ba a ganinsa, har ya isa murhu ko kurfoti; wutar kuma ta biyo sawunsa ta koma duron. Mutanen Yamai ba su manta da daren watan Mayun 2019 ba, da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, jama'a suka taru ɗiba, ta fashe ta hallaka mutum fiye da 50. Duro biyu a gida mai yara huɗu, katanga ɗaya da maƙwabta, ba ƙaramin kaya ba ne.

Faranten ƙarfen ma ina da magana a kansu, magana ce ta garinku kaɗai. Tun 2003 ƙungiyar Aghirin'man ta nan Arlit da masu awon CRIIRAD na Faransa suka gano ƙarafa a kasuwar garin da suka fito daga mahaƙa suna fitar da hasken nan mai cutarwa da ido ba ya gani. 'Yan Greenpeace ma da suka zo a 2009 sun sami irin haka. Ban ce na maigidanki suna ciki ba. Amma ƙarfen da ba a san asalinsa ba, a yanka shi a goge shi a tsakar gidan da yara ke wasa da ƙasa? Ya tambayi inda aka samo su. In amsar ba ta fito sarai ba, ya mayar.

To amma kada ki tare shi da "kar ka yi". Buƙatarsa ta gaskiya ce. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado da Tchibarakaten a 2014 motoci ke cin ɗaruruwan kilomita babu gidan mai, kuma tanki ɗaya mai kyau a ƙarƙashin mota ya fi tarin jarkoki masu yoyo a bayanta aminci. Wasu Land Cruiser da tanki biyu suke fitowa daga masana'anta, kowanne lita 90. Ya nemi irin wannan wurin masu sayar da kayan motocin da suka yi hatsari, da maɗaurinsa da bututunsa, a ɗaura da kusoshi ba tare da an kunna wuta ba. In dole sai an ƙera, a ƙera da sabon ƙarfe wanda mai bai taɓa shiga ba. A sa masa shinge a ciki don kada man ya riƙa dukan bango yana fasa ɗinki, a fitar masa da hancin iska sama inda yashi ba ya kai, a gwada shi da ruwa kafin a zuba mai. Kuma a ɗaure shi da maɗauri da shimfiɗar roba. In aka liƙa shi da walda jikin shasi, shasin yana murɗawa a kan duwatsu, tankin ne zai tsage.

Wannan bayanin ba daga bakinki zai fi shiga ba. Nemi kawunsa ko wani tsohon direba da yake jin nauyinsa, ki ba shi shafin nan ya karanta masa. In duk da haka ranar ta zo mai walda ya shigo da kayansa, sanar da maƙwabta, ki kwashi yaranki ku wuni gidanku. Ki gaya masa tun da safe, cikin ladabi, cewa ba yaji kika yi ba, da magariba za ki dawo.

*Hajiya, assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser biyu masu injin 1HZ, suna aikin Asamaka da ƙauyukan Abzin. Ɗaya daga ciki babban famfonta ya lalace sau biyu a shekara guda, ga shan mai, ga baƙin hayaƙi. Direbanta ɗan ƙanwar uwargidana ne. Ana kawo mini magana cewa yana sayar da gazuwal ɗin da na ba shi ya cike da kananzir, ko ya sayi na 'yan ruwa-ruwa. Ban kama shi ba. In na kore shi gida ya yi zafi, in na bar shi aljihu ya ƙone. Wani kuma ya ba ni shawara in cire filtar nan mai kofin ruwa, wai ita ke rage wa motar ƙarfi.*

*Wani Alhaji a kasuwar Arlit*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Mai shawarar cire filta, in ya sake zuwa a ba shi ruwa ya sha ya kama gabansa.

Ka yi dace da inji. 1HZ tun 1990 ake yin sa, silinda shida, lita 4.2, babu kwamfuta, yana haƙuri da abin da sababbin Hilux masu D-4D ba za su jure ba, su da matsin mansu ya haura bar 1,000. Amma yana da lago ɗaya. Babban famfonsa ba ya samun baƙin mai. Gazuwal ɗin da ke ratsa shi shi ne maiƙonsa. Kananzir ba shi da wannan maiƙon, fetur ya fi shi bushewa, ruwa yana sa tsatsa, ƙura tana karce. Saboda haka abin da ake gaya maka yana iya kashe famfo. Sai dai akwai masu kashe shi da yawa waɗanda ba su da yayar uwa a gidanka.

A ina durorinka suke tsayawa? Man matatar Soraz ta Damagaram da na Aljeriya da ke ɓullowa ta In Gezzam duk lafiyayyu ne daga tushe. A hanya suke lalacewa, daga duro zuwa jarka zuwa mazurari. Duron da ke shan rana ya kwana a sanyi yana numfashi. Ɗan ruwan saman da kuke samu a Yuli da Agusta in ya kwanta a kan murfinsa, ta bakin yake zuƙe shi. A jingine duro a karkace yadda ruwa ba zai taru a bakinsa ba. In an sauke shi daga mota a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, kuma bututun ɗiba kada ya taɓa gindi. A tace da kyalle mai tsabta, a daina zuba mai iska na tashi. Kofin ruwan nan da ake zuga ka ka cire, a riƙa kwance shi ana tsiyaye ruwan; duba ma ko fitilarsa ta gaban direba tana aiki, don sau da yawa wani ya tsinke wayar saboda ta dame shi. Ni da zan ba ka shawara, filta ta biyu za ka ƙara a gaban ta asali.

Ga tambayar da ta fi duka: da famfon farko ya mutu, an sauke tanki an wanke? An busa bututu, an gwada injekta? In sabon famfo aka ɗora a kan tsohuwar dauɗa, wanda ya kashe na farko shi ya kashe na biyu, yana nan kuma yana jiran na uku. A kan injin gwaji aka daidaita shi, ko da kunne a gindin bishiya? Kai shi wurin mai injin gwaji ko da sai an aika Agadas ko Yamai. Baƙin hayaƙi kuma ba shaidar kananzir ba ne. Yawanci filtar iska ce ta toshe, ko injekta na ɗiga, ko wani ya murɗa kusar mai don motar ta ƙara ja a yashi. Ukun nan kowanne yana kawo shan mai ba tare da an saci ko kofi ba.

Zato zunubi, Alhaji, ga shi kuma kana da abin da zai raba gardama, tunda motoci biyu gare ka. Gyara wannan yadda ya kamata, sannan ka musanya direbobin wata ɗaya ba tare da ka ce komai ba. Kowace tafiya a cika tanki fal a rubuta kilomita, a dawo a sake cikawa a rubuta. Kwatanta hanya ɗaya da hanya ɗaya, don yashin Asamaka da duwatsun Iferuwan ba shan mai ɗaya suke sa wa ba. Lokaci-lokaci ka tsiyayi kaɗan daga tanki cikin farar kwalba ka ajiye, ruwa zai kwanta ƙasa, hancinka kuma zai gaya maka saura. In ciwon ya zauna da motar, ka nemi gafarar yaron a zuciyarka. In ya bi direban, ka kira shi ku biyu, takarda a gabanka, kafin uwargida ta ji a bakin wani.

Kafin nan ka tambayi kanka ko haƙƙinsa yana fita a kan kari. Ko bayan ragin kuɗin lita da gwamnati ta yi a Yulin 2024, daga sefa 668 zuwa 618, jarka ɗaya ta gazuwal ta haura jika 12. Ka damƙa wannan a hannun yaron da ya yi wata biyu bai ga albashi ba, ka haɗa shi da jarrabawa.

Motar kuma kada ta sake fuskantar arewa sai ta warke. A Oktoban 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara 'yan Kance, ƙishirwa ta kashe su tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace.

*Gwaggo, shekarata 16, ina koyon kanikanci a wani gareji. Kullum ni ake sa wa tsotso mai da tiyo. Jiya na haɗiye, na yi ta tari da amai, Maigida ya ce in sha madara. Kuma yana yanka tsohon tub na taya ya yi robar famfo, ya liƙe tanki da sabulu, ya karɓi kuɗin sabon kaya. In na gaya wa masu mota na ci amanarsa?*

*Jikanki*

Jikana, ƙirjinka tukuna. In har yanzu kana tari, ko zazzaɓi ya zo, ko numfashi na yi maka wuya, tafi asibiti yau, ka gaya musu fetur ka shaƙa. Haɗarinsa a huhu yake, madara kuwa ba ta zuwa can. Wanda ya haɗiyi mai kada a sa shi amai da gangan, wajen fitowa ne yake kaucewa ya shiga huhu. Akwai ɗan famfon roba na matsawa da hannu, kuɗinsa kaɗan ne. Ka roƙi babanka ya saya maka ya zama kayan aikinka na farko. Ka daina wanke hannu da fetur. An daina sa masa dalma, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta bari a 2021, amma da sauran guba a cikinsa mai ratsa fata ta taɓa jini.

Sabulu dabara ce ta gaske, ka riƙe ta. Ka murza sabulun wanki da ɗan ruwa ya yi laushi ka danna a inda tanki ke yoyo, fetur ba ya narka shi. Ruwa kuwa yana narka shi, girgizar hanya tana ɓamɓare shi, don haka gyaran daji ne. Robar tub kumbura take yi a cikin fetur ta saki. Tiyon ruwa ma haka, ya ƙandare ya tsage. Kwali mai kauri yana iya zama gasket na karburatar ya daɗe, amma gam ɗin silikon kada ka kai shi inda fetur ke bi, zai narke ya toshe jikilar. Duk waɗannan babu laifi a yi wa mutum su in an gaya masa, ya biya kuɗin dabara. A karɓi kuɗin sabo, wannan ha'inci ne, kuma mai motar zai shiga daji yana zaton ya gyara.

Kai yaro ne a hannunsa, kada ka tsaya gabansa kana fallasa shi. Ka gaya wa wanda ya kai ka garejin, shi ya san yadda zai yi da babba ɗan'uwansa. In mai mota ya tambaye ka kai tsaye, kada ka yi ƙarya. Ka ce ya sa Maigida ya nuna masa tsohon kayan da aka cire. In abin bai sauya ba, garejin ba shi kaɗai ba ne a Arlit.

*Gwaggo, Baba ya rasu ya bar Peugeot 404 ta kaya, ta yi shekaru a tsaye a ƙofar gida. Ina so in tayar da ita. 'Yan'uwana sun ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin.*

*'Yarki, malamar makaranta a Akokan*

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Irin motocin nan da yawansu Turawa suka tuƙo ta Tamanrasat da Asamaka a shekarun 1970 da 1980 suka sayar a nan, zamanin da ake kiran Arlit Paris ta biyu. Na fahimci abin da ya sa ranki ya kwanta mata.

Amma motar ta magada ce. Kada ki kashe mata ko dala kafin a raba gado. A yi mata kuɗi a gaban kowa, ki karɓe ta a cikin rabonki ko ki biya su nasu, a rubuta da shaidu. In kika gyara tukuna, ranar da ta tashi kowa zai tuna shi ma ɗan Baba ne.

Bayan nan, kada a murɗa makulli da tsohon tankin. Fetur in ya daɗe ƙaro yake zama. A sauke tankin, a zuba masa tsakuwa da ruwan sabulu a yi ta girgizawa har tsatsa ta fita, a ɗauraye a shanya ya bushe ƙayau. Karburatar Solex ce, mai sauƙin sha'ani: a warware ta a jiƙa, a busa jikilar da iska, ban da zura musu waya. Duk tiyon roba a sake shi, baƙin mai ma haka. Kayan Peugeot ba su ɓace ba, saboda masana'antar Kaduna ta daɗe tana harhaɗa su tun 1975. Wasu na 504 suna shiga 404, wasu ba sa shiga. Duk wanda za ki aika Damagaram ko Maraɗi ko Kano, ki ba shi tsohon kayan a leda ya gwada da sabon kafin ya biya.